Na faɗi gwajin farko, ta yaya zan tunkari malamin kwas ɗin?

Wani ɗalibin aji ɗaya a jami'a ne ya aiko da tambayar. Ya ce kwas ɗin ƙididdiga ya sha masa kai: ba ya fashin lakca, yana kwafe duk abin da aka rubuta a allo, amma da sakamakon gwajin farko ya fito ya ga makin da ba ya ma son sake kallo. Yana so ya je wurin malamin, wanda farfesa ne, sai dai nauyi ya hana shi. Bai san abin da zai ce ba, yana tsoron a ɗauke shi daƙiƙi, kuma yana ganin mutum mai ɗalibai ɗaruruwa ba zai sami lokacinsa ba. Ya je, ko ya ci gaba da fama shi kaɗai?

Ɗana, ka je, kuma cikin makon nan. Na daɗe ina koyarwa a jami'a, kuma babu abin da ke ci mini rai a ƙarshen zango kamar in ɗauki takardar ɗalibin da ya faɗi, in ga abin da ya kayar da shi ɗan ƙaramin abu ne, wanda da ya kawo mini shi a mako na 4 da mun warware shi cikin minti 15. Sai dai zuwan yana da yadda ake yin sa, kuma a nan zan fi daɗewa.

Bari in fara da nauyin da kake ji, tunda shi ne ya tsare ƙofa. Kana zaune a ɗakin lakca, malam ya gama bayani ya ce, "Akwai mai tambaya?" Ka waiga dama da hagu, kowa ya yi tsit, wasu har da gyaɗa kai. Sai ka ce a ranka, ashe ni kaɗai aka bari a baya. To, na kusa da kai ma abin da yake raya wa ransa ke nan, yana kallon ka. Masana halayyar ɗan'adam sun gwada wannan. A 1987 Dale Miller da Cathy McFarland sun ba ɗalibai wani rubutu mai matuƙar wuyar fahimta, suka ce wanda abin ya gagara yana iya tashi ya nemi bayani. Ba wanda ya motsa. Da aka tambaye su daga baya, sai ga shi kowa ya ɗauka sauran sun fi shi ganewa. Shi ya san kunya ce ta zaunar da shi, amma shirun 'yan'uwansa ya ɗauke shi alamar fahimta. Mu da ke tsaye gaban allo mun san wannan shirun sarai, takardun gwaji ne ke tona shi.

Akwai wanda ya fi wannan ban tausayi. Stuart Karabenick da John Knapp, a wani bincike da suka wallafa a 1988 kan ɗaliban jami'a a Amurka, sun gano cewa ba waɗanda suka fi bukatar taimako ne suka fi neman sa ba. 'Yan tsaka-tsaki ne ke yawan zuwa. Waɗanda ruwa ya kai musu iya wuya su ne ke noƙewa. Abin da idona ya gani ma haka yake: fuskokin da na fi sabawa da su a ofis na ɗalibai masu ƙoƙari ne. Don haka idan ka ƙwanƙwasa ƙofa, malamin ba zai sa ka a layin ragwaye ba. Wanda ake yi wa wannan kallon shi ne wanda ba a taɓa ganin ƙeyarsa ba sai ana jibi jarrabawa.

Batun cewa ba shi da lokaci kuwa, gaskiya ne aiki ya yi masa yawa: koyarwa, bincike, duba kundayen masu neman manyan digiri, tarurrukan sashe. Amma ganawa da ɗaliban kwas ɗinsa tana cikin aikin da aka ɗauke shi ya yi, ba alfarma yake maka ba. A jami'o'i da dama malami yakan keɓe wasu sa'o'i a mako domin haka, ana rubuta su a takardar tsarin kwas ko a manna a ƙofar ofis. Na sha haɗuwa da sababbin ɗalibai da suka ɗauka lokaci ne da malam ke aikin kansa, ba ya son a dame shi. A'a, naku ne. Inda babu wannan tsarin, ka dakata bayan lakca, cunkoso ya ragu, ka ce, "Malam, ina da tambaya kan gwajin da aka yi, wane lokaci ya dace in same ka a ofis?" Lokaci kawai za ka nema. Kada ka buɗe masa littafi a bakin ƙofa yana sauri zuwa wani ajin.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ɗalibai biyu za su shigo ofis rana guda. Na farko ya zauna ya ce, "Malam, wallahi ban gane komai ba a kwas ɗin nan." Ina tausaya masa, na kuma san iyakar gaskiyarsa ya faɗa, amma ya ɗaure mini hannu. Daga ina zan kamo? Lakcar mako 6 ba za ta maimaitu cikin minti 20 ba, kuma ko na yi, bayanin nan da bai shige shi a aji ba shi zan sake zuba masa. Zai fita da godiya, ya koma inda yake.

Na biyu ya ajiye takarda a gabana ya ce, "Malam, tambayar ta ce idan aka jefa ɗan ludo mai fuska 6 sau 2, mene ne yiwuwar a sami 6 aƙalla sau ɗaya. Na ce jifar farko 1/6, ta biyu ma 1/6, na tara na sami 2/6. An soke, an ce 11/36 ce amsar. Na sake gwadawa sau 3, nan nake komawa." Wannan ya gama mini rabin aiki. Ba sai na yi dogon bayani ba, tambaya ɗaya zan yi masa: to in an jefa sau 6 fa? Bisa hanyarsa zai sami 6/6, wato dole sai 6 ta fito, alhali duk wanda ya taɓa wasan ya san ana iya jifa sau 6 ba a gan ta ba. In an jefa sau 7 ma zai sami 7/6, abin da ya wuce tabbas, wanda ba shi da ma'ana. A nan zai ɗago kai. Tarawa kai tsaye tana aiki ne kawai idan abubuwan biyu ba za su iya faruwa tare ba. A wannan tambayar suna iya haɗuwa, jifa biyun duka su ba da 6, kuma shi ya ƙirga wannan haɗuwar sau biyu. A cire 1/36 daga 12/36, saura 11/36. Ƙa'ida ɗaya ce ta kuɓuce masa, kuma da an bar ta da ita ce za ta riƙa kayar da shi a duk babobin da aka gina a kanta.

Ka lura, na biyun bai fi na farkon ƙwaƙwalwa ba. Wataƙila makinsu ɗaya. Bambancinsu shi ne ɗaya ya zo da kuskurensa a hannu, ɗayan ya baro nasa a ɗaki. Takardar nan da kake jin kunyar kallo ita ce abu mafi amfani da za ka shiga da shi, don malami yana karanta kuskure ne kamar yadda mafarauci ke karanta sawu: daga layin da ka karkace yana gane abin da ke cikin kanka. Ɗalibai kan so su kwafe aikin tsaf, su goge duk inda suka yi ɓaranɓarama kafin su nuna. Kada ka yi haka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Saboda haka, kwana ɗaya kafin ka je, ka ɗauko takardar gwajin, ka rufe littafi, ka sake gwada tambayoyin da ka faɗi. Duk inda alƙalaminka ya tsaya, ka ja layi. Ka zaɓi wurare 2 ko 3, ka rubuta tambayarka a kan kowanne da kalmominka. Idan ka ce abin ya cakuɗe har ba ka san inda ya fara ba, ka bi littafin da kake kwafar lakca daga shafin farko, ka nemo wuri na ƙarshe da za ka iya yi wa wani bayaninsa ba tare da dubawa ba. Ka sa alama. Abin da za ka ce wa malam ke nan: "Har zuwa nan ina tare da kai, daga nan na ɓace." Wannan ma tambaya ce cikakkiya. Mai karanta tarihi ko adabi ko shari'a shi ma haka zai yi: ya zo da sakin layin da aka ja wa jan biro, da abin da malam ya rubuta a gefe, ya kuma shirya faɗin hujjar da yake son kafawa cikin jimla biyu. Sau da yawa a ƙoƙarin faɗin jimlolin nan biyu ne ɗalibi ke gane cewa hujjar ce ba ta tsaya ba, ba rubutun ba.

Sai kuma irin taimakon da za ka roƙa. Sharon Nelson-Le Gall, wadda ta yi nazarin yadda yara ke neman taimako, ta raba shi gida biyu tun a 1981: akwai mai neman a nuna masa hanya daidai gwargwadon da zai iya ƙarasawa da kansa, akwai kuma mai neman a yi masa aikin. Malamai suna jin bambancin tun daga jimlar farko. "Me zai fito a jarrabawa?" da "Duba mini ko amsar nan daidai ce kafin in miƙa" suna gida na biyu, kuma su ne ke sa fuskar malami ta canza. "Me ya sa hanyar nan tawa ba ta ɓulle ba?" da "Wane abu ne daga darussan baya ya kamata in koma in gyara?" suna gida na farko. Tambaya ta ƙarshen nan ina so ka riƙe ta da kyau, don a kwas irin naka sau da yawa ciwon ba a ƙididdigar yake ba, a lissafin da aka baro a sakandare yake, kuma malami na iya nuna maka shi cikin minti 5. Ka tambaye shi kuma yadda ake karanta kwas ɗinsa. Kwafar allo da maimaita karanta ta suna sa mutum ya ji kamar ya iya, amma ƙididdiga sai da warware tambayoyi littafi a rufe.

A nan zan ɗan ratsa. Idan jinga ce da za a ba ta maki, ka tambaye shi ƙarara iyakar taimakon da ya halatta: ko za ku iya yi tare da abokai, ko an yarda a yi amfani da manhajojin ƙirƙirarriyar basira, kuma har zuwa ina. Dokar wani malamin ba ita ce ta wani ba. Tambayar da ba ta ɗaukar minti ɗaya ta fi zama gaban kwamitin ladabtarwa kan zargin satar amsa.

Idan kun zauna ya fara bayani, akwai tarkon da ɗalibai masu ladabi suka fi faɗawa: gyaɗa kai. Malam ya ce "Ka gane?" kai kuma don kada ka wahalar da shi ka ce "Na gane, Malam." Ka sani cewa wanda ya shekara 20 yana koyar da abu ya manta yadda rashin saninsa yake. Yakan tsallake mataki uku bai ma san ya tsallake ba, don a wurinsa mataki ɗaya ne. Ba mugunta ba ce, kuma ba zai iya gane ya bar ka ba sai ka faɗa. Ka ce, "Malam, yi haƙuri, daga layi na 2 zuwa na 3 ne ban ga yadda aka yi ba." Idan ya sake bai shiga ba, ka roƙi misali da lambobi. In ya gama, kada ka miƙe. Ka ce, "Bari in gwada irinta a gabanka," ka karɓi alƙalami ka yi da hannunka. Wannan shi ne minti 5 mafi tsada a zaman, don bin bayanin gwani da ido yana da daɗi, amma sai alƙalami ya dawo hannunka ake sanin ko ya zauna. Da ka fita, ka sami wuri ka rubuta abin da aka faɗa tun bai gudu ba, ka kuma warware tambayoyi 3 ko 4 makamantanta a ranar. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.

Idan ta imel za ka nemi ganawar, ka yi amfani da adireshinka na makaranta in kana da shi, ka sa sunan kwas a kan saƙon, ka kira malamin da muƙaminsa, Farfesa ko Dakta, ka taƙaita. Kamar haka:

"Assalamu alaikum Farfesa. Sunana wane, ina cikin ɗaliban kwas ɗinka na ƙididdiga na aji ɗaya. Ban yi ƙoƙari a gwajin farko ba. Na sake bin tambayoyin, na ga matsalata tana wajen sanin lokacin da ake tara yiwuwa da lokacin da ake ninkawa. Ina roƙon minti 15 in kawo aikina ka duba inda nake kuskure. Ba ni da lakca ranar Talata da Alhamis da rana, amma duk lokacin da ya yi maka zan zo. Na gode."

Ka ba shi kwana 2 ko 3 na aiki. In shiru, ka tuna masa sau ɗaya cikin ladabi, ko ka same shi bayan lakca, don zuwa da kai ya fi aike. Akwatin saƙon malami ya cika maƙil, shirunsa ba ƙi ba ne. Kiran wayarsa da dare kuwa ka bar shi, sai in shi da kansa ya ba aji lambar ya ce a kira.

Maganar maki tana bukatar hattara. Idan ka ga an yi kuskuren tarawa ko an tsallake shafi ba a duba ba, haƙƙinka ne ka nuna, kuma malamai suna kuskure. Ka ce, "Malam, ina so in fahimci abin da ya rage a wannan amsar," ka saurara. In gyara ya kamata, zai gani da kansa. Amma roƙon a ƙara maka don kana bukata, ko don tallafin karatunka na cikin haɗari, yana jefa malamin kirki cikin tsaka mai wuya: in ya ba ka ya zalunci sauran ajin. Ka ware zuwan neman fahimta daban da zuwan ƙorafin maki, kada ɗaya ya ɓata ɗaya. Idan kuma rashin lafiya ce ko rasuwa ko wata lalurar gida ta taɓa karatunka, ka sanar tun da wuri, da takardar shaida in akwai. Ba sai ka zayyana sirrinka duka ba. Kafin wa'adi malami yana da abubuwa da yawa da zai iya yi maka, bayan an miƙa sakamako kuwa hannunsa a ɗaure yake. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba zan ɓoye maka ba, a cikinmu akwai masu kaushin hali. Kana iya yin duk abin da na faɗa ka tarar da wanda zai amsa maka a tsaitsaye, ko ya ce ai an yi wannan a aji. Yana da ciwo, kuma ba daidai ba ne. Amma ka rarrabe tsakanin mai gajeriyar magana da mai wulaƙanci. Wani fuskarsa ce kawai a ɗaure, in ka dawo karo na biyu da aikin da ya ce ka yi sai ka ga ya saki jiki, don yanzu ya tabbatar da gaske kake. In kuwa ƙofar ta ƙi buɗuwa, ba ita kaɗai ce a sashen ba: akwai mataimakan malamai masu jagorantar darussan bita, akwai malamin da aka ɗora wa ba ajinku shawara, akwai wani malamin da ke koyar da fannin, akwai 'yan ajin gaba da suka ci kwas ɗin. Ka kuma nemi abokan karatu 2 ko 3 masu himma. Uri Treisman ya bi diddigin ɗaliban lissafi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a shekarun 1970, ya ga cewa masu haɗuwa su warware tambayoyi tare, suna gyara wa juna, sun fi masu kulle kansu a ɗaki cin nasara, ko da kuwa masu kulle kan suna da himma da ƙwazo. Rukuni irin wannan yana tace maka tambayoyi: abin da ya gagare ku duka shi ne ya cancanci a kai wa malam, kuma ku je tare in shiga kai kaɗai na yi maka nauyi.

Wani abu kuma dole in faɗe shi ga duk mai karanta wannan, mace ko namiji. Taimakon karatu a ofis ake yin sa ko wani wuri na makaranta da jama'a ke kai-kawo, a lokacin aiki. Ba a biyan sa da kuɗi ko kyauta, balle wani abin da ya wuce haka. Duk malamin da ya nemi ganawa a keɓantaccen wuri, ko ya nuna cewa maki yana da farashi, ya fita daga aikin malanta. Kada a goge saƙonninsa, a rubuta rana da lokaci, a kai maganar ga shugaban sashe ko ofishin da jami'a ta tanada don ƙorafin ɗalibai. Laifin ba na ɗalibin da ya je neman ilimi ba ne.

Zama ɗaya ba ya gyara kwas. Bayan mako ɗaya ko biyu ka koma da sabuwar takarda, ka fara da nuna masa cewa ka yi abin da ya ce, sannan ka kawo inda ka sake tsayawa. A haka zai riƙe sunanka, kuma wata rana in kana neman wanda zai duba kundin digirinka ko ya rubuta maka takardar shaida don ƙaro karatu, zai sami abin faɗa a kanka wanda ya wuce lambar maki.

Gobe ka duba takardar tsarin kwas ka ga ranar da yake zama. In ka isa, ka yi sallama, ka faɗi sunanka da kwas ɗin da kake ɗauka, don kada ya tsaya laluben inda ya san ka. Ka ajiye takardar gwajin a kan tebur tana fuskantar sa, ka ɗora yatsa a layin da ka ja, ka ce, "Malam, nan ne na tsaya."